Daɗin da Ba Zan Ɗanɗana Ba

A tsibirin Martinik, wanda ke ƙarƙashin Faransa a yankin Karibiyan, ana yin wata barasa fara tas daga ruwan rake zalla. Da an sare raken sai a hanzarta matse shi, domin ruwan rake ba ya jira, da kansa yake fara tsami. A bar shi ya tsimu kwana ɗaya zuwa uku, a dafa, a tara tururin. Ba a ajiye ta shekaru a gangar katako, shi ya sa ba ta yin ja. Tun 1996 Faransa ta kafa mata ƙa'idojin da suka fayyace yankin da za a noma raken da yadda za a sarrafa shi. A ƙauyukan Haiti ma akwai 'yar'uwarta, clairin. Masu ɗanɗanon barasar Martinik suna cewa a cikinta suna jin ƙanshin ɗanyar ciyawa da ɓawon rake, har su bambance raken wannan gona da na waccan.

Ni Musulmi ne, ba na sha. Amma shin imanina ya wajabta mini in ce mutanen nan ƙarya suke yi?

Na sha jin masu wa'azi suna siffanta giya da wari da ɗaci kawai, kamar ba wanda zai so ta sai mahaukaci. Na san niyyarsu ta alheri ce, suna tsoratar da yara. Sai dai Alkur'ani bai bi wannan hanya ba. A Suratul Baƙara ya yarda cewa akwai wani amfani a cikinta, sannan ya ce laifinta ya fi amfanin girma. Haramcin ƙarshe ya zo a Suratul Ma'ida, da dalili a fili: gaba, ƙiyayya, da shagaltuwa daga salla. Hankali ake tsarewa. Wanda aka gina tsoronsa a kan cewa abin ba daɗi, ranar da ya kurɓa ya ji akasin haka, me zai riƙe shi?

Na yarda da hancin mutumin Martinik, domin na san rake. Duk wanda ya tauna farin rake mai laushi, ko ya gatsi mazarƙwailar Maƙarfi, ya san ba kowane rake ne ɗaya ba. Ƙanshin da suke yabo Allah ne ya zuba shi a cikin karan, kuma ban ga saɓo ba a ce yana nan. Abin da ke sosa mini rai game da wannan barasa wani ne daban: bayi daga Afirka ne suka yi noman raken waɗannan tsibirai, kuma da barasar rake aka riƙa sayen wasu bayin a gaɓar tekunmu.

Iyakar halal da haram kuwa siririya ce. Ya inganta cewa Annabi (SAW) yana shan jiƙon zabibi har kwana uku, daga nan ba ya ƙara sha. Ruwan raken da aka matse da safe halal ne a wurina. Farar barasar Martinik kuwa, sau da yawa kashi 50 ko 55 cikin ɗari na kwalbar sinadarin maye ne, kuma a mazhabar Malikiyya abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haram ne. Ko kurɓar ɗanɗano ba ta halatta gare ni ba, ina sane da cewa akwai abin da na bari a ciki.