Amanar Jinya: Wajibcin Tantance Masu Kula Da Marasa Lafiya A Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da cuta da magani, Mai ganin abin da ke bayan kowace ƙofa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon rahama, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, babu Musulmin da bai san cewa jinyar iyaye da tsofaffi haƙƙi ne a wuyan 'ya'ya da dangi ba. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah Ya haɗa umurnin kaɗaita Shi da umurnin kyautata wa mahaifa, Ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. Amma sau da yawa 'ya'ya suna wurin neman abinci, wasu ma a wani gari, alhali kuwa ciwo irin na shanyewar ɓarin jiki ko gigin tsufa yana bukatar hannu dare da rana, yana kuma bukatar sani. Wannan ya sa iyalai suke ɗaukar ma'aikata su kula da maras lafiya a cikin gidansa. Yin haka halal ne, domin ijara ce a kan aiki mai amfani. Abin tambaya shi ne, wa zai shaidi wannan baƙo da aka shigo da shi har ƙuryar ɗaki?

A asibiti idanu suna da yawa: ga likita, ga shugabar nas-nas, ga 'yan dubiya, ga maƙwabcin gado. A gida kuwa, da an ja ƙofa sai mutum biyu, mai ƙarfi da mai rauni. Ma'aikacin yana ganin al'aurar maras lafiya, magani yana hannunsa, ya san inda ake ajiye kuɗi, yana kuma jin asirin gida. Idan bai san aiki ba, zai iya ninka magani, ko ya bar mutum kwance a gefe guda har gyambo ya fito masa, ko ya ɗaga shi ba bisa ƙa'ida ba ya faɗi ya karye, ko ya ɗura masa abinci ya shaƙe. Wanda aka cuta kuwa wata ƙila harshensa ya riga ya karye, ko kuma yana tsoron in ya yi magana a rama a kansa bayan kowa ya fita.

Ƙarfi Da Amana

Alƙur'ani Mai girma ya ba da ma'aunin ɗaukar ma'aikaci a cikin ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sa'ad da ya isa Madyana. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, ɗiyar dattijon nan ta shawarci mahaifinta ya ɗauke shi aiki, ta kuma kafa hujja da siffofi biyu, watau ƙarfi da amana. Ƙarfi a kowane aiki gwargwadon aikin yake, a sha'anin jinya kuwa shi ne ƙwarewa. Mai tausayi wanda bai san magani ba zai iya kashewa da kyakkyawar niyya, ƙwararre maras tsoron Allah kuma zai yi amfani da saninsa ya ɓoye ɓarnarsa.

To, amma ɗan kasuwa ko manomi ko malamin makaranta ba shi da ilmin da zai jarraba mai jinya, ba shi kuma da hanyar sanin abin da mutumin ya aikata a gidan da ya baro. A nan ne ake bukatar mutum na uku, masani, wanda ba shi da riba a cikin cinikin. Shari'a ta san wannan tun fil azal da sunan tazkiya: alƙali ba ya yanke hukunci da shaidar wanda bai sani ba sai adalai sun tsarkake shi. An ruwaito cewa Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai 70 suka shaida ya cancanta. Idan mai irin wannan daraja ya jira shaidar wasu, ina ga wanda za a danƙa wa allura da jikin tsoho?

Game da magani kuwa akwai nassi. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisi mai nuna cewa duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin likitanci ba, to, lamunin abin da ya ɓata yana kansa. Abin lura a nan shi ne, hadisin ya rataya hukuncin a kan a san mutum da sana'ar. Da'awar da mutum ya yi wa kansa ba ta wadatar ba.

Abin Da Magabata Suka Yi

A shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931 Miladiyya, labari ya kai ga Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren mai magani. Sai ya umurci muhtasibi ya hana kowa yin likitanci sai wanda babban likita Sinanu ɗan Sabit ya jarraba, ya kuma rubuta masa takarda mai bayyana fannin da aka yarje masa. Masu tarihin likitoci, irin su Ibnu Abi Usaibi'a, sun ce waɗanda aka jarraba sun haura 860, ban da mashahuran da ƙwarewarsu ta riga ta bayyana da masu yi wa fada aiki. Daga baya, a ƙarni na 6 na Hijira, Shaizari ya bayyana a littafinsa na hisba, Nihayatur Rutba, yadda ake jarraba likitocin ido da masu ɗori da masu fiɗa, kowa da littafin da ake gwada shi a kai.

Asalin wannan aiki kuwa yana cikin Sunna. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, sai ya cusa hannunsa a ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, Annabi kuwa ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Darussa biyu ne a nan ga duk mai bincike: bai aika da sanarwar zuwansa ba, bai kuma tsaya ga abin da aka shimfiɗa a sama ba.

Yadda Ake Yi A Yau

A Amurka, inda jinya a gida ta zama babbar sana'a, akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan. Wadda ake kira CHAP an kafa ta a 1965 domin tantance masu aikin lafiya a gidaje da unguwanni, Joint Commission kuwa, wadda aka kafa a 1951 saboda asibitoci, ta fara tantance kamfanonin jinya a gida a 1988. Kamfani ne ke neman a zo a auna shi, kuma gwamnati tana karɓar shaidar waɗannan ƙungiyoyi ga mai son a riƙa biyansa daga asusun inshorar lafiya na tsofaffi, watau Medicare. Sufetoci sukan iso ba tare da sanarwa ba, ba a kuma wuce wata 36 ba a sake zuwa ba. Sukan buɗe fayilolin ma'aikata da na marasa lafiya, sa'an nan, da iznin masu gida, su bi ma'aikaci har cikin ɗaki su ga yadda yake wanke hannu da yadda yake kula da wanda ke kwance. Ƙa'idar Medicare ta wajabta wa mataimakin jinya horo na aƙalla awa 75, daga ciki aƙalla awa 16 na gwaji a aikace, da ƙarin awa 12 kowace shekara. Idan kuma maras lafiya yana ƙarƙashin kulawar ƙwararru, ba a wuce kwana 14 ba tare da nas ko wani ƙwararre ya duba aikin mataimakin ba.

A Ingila kuwa abin tilas ne. Hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009, ita ke yi wa kamfanonin rajista, ta binciki aikinsu, ta ba su daraja ɗaya daga cikin huɗu, tun daga mafifici har zuwa wanda ya gaza, ta kuma buga rahoton kowa ya karanta. Tana da ikon soke rajista da kai ƙara kotu. Har wa yau akwai hukumar DBS, wadda aka kafa a 2012, mai riƙe da sunayen waɗanda aka haramta wa aiki da yara da raunana, domin kada wanda aka kora daga wani gida saboda zalunci ya ɓulla a wani.

Haƙƙoƙin Da Ake Karewa

Wanda ya duba haƙƙoƙin da masu tantancewa ke bincike a kansu zai ga kusan kowane yana da tushe a Shari'a. Na farko, a rubuta wa maras lafiya tsarin jinyarsa da abin da zai biya tun kafin a fara, wannan kuwa shi ne ladabin ayar bashi, aya ta 282 ta Suratul Baƙara, shi ne kuma sharaɗin ijara, watau a san aiki a san lada. Na biyu, a shawarce shi, kuma yana da ikon ya ƙi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa a ciwon ajalin Annabi an ɗura masa magani ta gefen baki yana yi musu nuni da su bari, suka ɗauka ƙin magani ne irin na maras lafiya. Da ya farfaɗo sai ya umurta a ɗura wa duk wanda ya halarta, ban da baffansa Abbas wanda ba ya wurin. Wannan ya isa gargaɗi ga mai danne tsoho mai hankalinsa da sunan taimako.

Na uku, a tsare mutuncinsa da asirinsa: a nemi izni kafin shiga, kamar yadda Suratun Nur ta koyar, a suturce al'aurarsa, kada labarin ciwonsa ya zama abin hira, balle a ɗauki hotonsa a waya. Na huɗu, a tsare dukiyarsa. Ƙissar Ibnul Lutbiyya sananniya ce: an aike shi karɓar zakka, ya komo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka, domin da yana zaune a gidan iyayensa da kyautar ba ta zo ba. Haka nan abin da ma'aikaci ya karɓa daga hannun tsohon da ya dogara gare shi wajen ci da wanka, abin tuhuma ne ko da an kira shi alheri. Na biyar, a ba shi hanyar kai kuka ga wanda ba ya ƙarƙashin kamfanin, ba tare da tsoron ramuwa ba.

Iyakar Takarda

Duk da haka kada a ɗauka takardar shaida ta gama magana. Sufeto yini kaɗan yake yi ya tafi, kuma kamfani shi ke biyan kuɗin tantancewa a tsarin Amurka, abin da ke bukatar a sa ido a kan mai tantancewar shi kansa. A Ingila ma, binciken da gwamnati ta sa Dokta Penny Dash ta yi a 2024 ya gano cewa ziyarce-ziyarcen CQC sun ragu ƙwarai, wasu wurare sun yi shekaru ba a leƙa su ba, wasu kuma ba a taɓa ba su daraja ba. Ashe muhtasibi ma yana bukatar muhtasibi. Sa'an nan wanda iyali suka ɗauka kai tsaye, ba ta hannun kamfani ba, galibi ba ya cikin wannan tsari ko kaɗan.

A Nijeriya akwai tubalan da za a yi gini a kansu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa cibiyoyin lafiya takardar shaidar cika ƙa'ida, an ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya a 2018, hukumar kula da aikin jinya da ungozoma tana ba nas-nas lasisi, Jihar Legas tana da HEFAMAA, Jihar Kano kuma tana da PHIMA mai sa ido a kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu. Sai dai da yawa daga masu kula da tsofaffi a gidaje ba nas-nas ba ne, ta bakin wani ake samo su. Haƙƙi ne a kan hukuma ta shigo da su cikin tsari na horo da rajista, domin shugaba makiyayi ne, za a kuma tambaye shi abin kiwonsa.

Ga iyali kuwa, wakilta wani ba ya sauke nauyi. Ya kamata ɗa ya nemi ganin lasisi ya kuma tabbatar da shi daga hukumar da ta bayar, ya tuntuɓi gidan da ma'aikacin ya baro, ya rubuta yarjejeniya, ya zaɓi mace ga mace da namiji ga namiji gwargwadon iko. Ya riƙa shigowa a lokacin da ba a zata ba, ya duba baya da ɗuwawu da diddigen mahaifinsa ko ya sa wanda ya halatta ya duba, ya ƙirga ƙwayoyin magani, ya kuma keɓe da shi ya tambaye shi halin da yake ciki. Wannan ba mugun zato ba ne, domin Annabi da kansa ya cusa hannu cikin tsibin abinci. Haka kuma ya biya ma'aikaci ladansa a kan kari, ya ba shi hutu, domin gajiyayye mai jin yunwa ya fi kusa da kuskure da fushi.

Shi kuma ma'aikacin, kada ya ƙi bincike, domin shi ne ke wanke mai gaskiya ranar da aka yi zargi, shi ke raba shi da 'yan sojan gona masu ɓata sunan sana'a. Ya tuna cewa sufeto yana zuwa ne jifa-jifa, amma mala'iku marubuta ba su barin ɗakin, kuma Suratun Nisa'i, aya ta 58, ta umurci a mayar da amana ga masu ita. Amanar da ke hannunsa a nan rai ce.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa wahalarsu ta zama kaffara, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya kuma ba shugabanni ikon tsare haƙƙin raunana. Amin.