TEBURIN KIRSIMETI A INGILA: ME KE CIKIN FARANTIN?



'Yan uwa, musamman ɗalibai da ma'aikatanmu da ke Landan, Manchesta da Birmingham, Disamba ta kama, kuma maƙwabci ko abokin aiki zai iya miƙo maka abinci. To kafin ka ci, ka san abin da ke ciki.

Ranar 25 ga Disamba da rana Turawan Ingila ke zama cin babban abincinsu na shekara: gasasshen talo-talo, gasasshen dankali, ƙananan kabeji da romo. A gefen farantin kuma akwai abin da suke kira "aladu cikin bargo", wato tsiren naman alade da aka naɗe da wani yankan naman aladen. Wannan haramun ne ƙarara, kamar yadda aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta bayyana.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne kayan zaƙi. Fudin ɗin Kirsimeti busassun 'ya'yan itace ne da kitsen saniya, a turara shi sa'o'i da dama. Sau da yawa an riga an zuba giya a cikinsa, sannan a kwarara masa barandi a kunna wuta a kai. Kada wani ya ce maka ai wuta ta cinye giyar, ba ta cinye ta duka. Haka ƙananan fanke masu cike da zabibi da kayan ƙamshi, da yawansu akwai barandi. Shi kuma jan abin shan nan mai ɗumi, mai ƙamshin kirfa da kanumfari, giyar inabi ce aka ɗumama. Ka tambaya, ka karanta bayan kwali. Naman talo-talon ma, malamai sun yi saɓani kan yankan masana'antun Turai, mafi aminci ka nemi na halal.

Su kansu al'adun ba daga Annabi Isa (AS) suka zo ba. A 1647 majalisar Ingila ta hana bikin, saboda masu tsauri cikin Kiristoci sun ce ba shi da tushe a littafinsu, sai a 1660 ya dawo. Katin gaisuwa na farko an buga shi ne a 1843. Bishiyar ado kuwa ta yaɗu bayan jarida ta buga hoton Sarauniya Victoria da mijinta Albert, Bajamushe, a gefenta a 1848.

Amma fa kada wannan ya sa ka wulaƙanta maƙwabcinka. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta ba mu damar kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Ka yi godiya, ka faɗa masa cikin ladabi abin da ba ka ci da dalilinsa. Ranar Sallah kai ma ka aika masa da naka.

Allah Ya tsare mana cikinmu daga haram, Ya dawo da ku gida lafiya. Wallahu a'alam.