Fitowa Gaban Bagade: Ko Taku Ɗaya Ya Isa Tuba?

Da yawanku kun taɓa halartar taron wa'azi na 'yan'uwanmu Furotestan, kun ga yadda akan rufe shi. Mai wa'azi ya ce a sunkuyar da kai a rufe ido, mawaƙa suna rerawa a hankali, sa'an nan ya kira duk mai son ba da ransa ga Yesu ya fito gaba.

Wannan al'ada ba ta zamanin manzanni ba ce. Ta yi ƙarfi ne a Amurka, a tarurrukan farkawa na ƙarni na 19. Charles Finney, a wa'azinsa na birnin Rochester a 1830, ya keɓe benci a gaba domin waɗanda zunubinsu ya dame su. Ba duka Furotestan suka yarda ba: a 1843 malamin tauhidi John Nevin ya rubuta littafi yana sukar abin. Daga baya Billy Graham, wanda ya yi wa'azi a Nijeriya a 1960, ya yaɗa ta a duniya.

Kada mu yi saurin raini. Mutumin da ya miƙe a gaban maƙwabtansa ya amsa cewa shi mai zunubi ne ya yi abin da ke bukatar ƙarfin hali. Damuwata ita ce 'yancin zuciyarsa a wannan lokaci. Idan an maimaita waƙa sau biyar, an tsorata shi da cewa wataƙila ba zai kai gobe ba, na kusa da shi kuma duk sun tashi, shin alherin Allah ne ya ɗaga shi, ko kunyar zama shi kaɗai? Majalisar Vatikan ta Biyu ta koyar a 1965 cewa bangaskiya aiki ne na yardar rai, ba a tilasta wa kowa. Tilas kuwa ba sai da sanda ba.

Shi ya sa Ekklisiya take sa mai neman baftisma ya yi watanni, wani lokaci shekaru, a hannun katakis. Zakka ma ya sauko daga itace da sauri, amma an gane tubarsa ne sa'ad da ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa wanda ya cuta ninki huɗu.

Sai dai mu ma muna fitowa gaban bagade kowace Lahadi, kuma ciwon nan bai bar mu ba. Nakan ga benci ya tashi gaba ɗaya zuwa karɓar Jikin Kristi, har da waɗanda suka shekara ba su furta zunubi ba. Wata rana wata dattijuwa ta zauna ita kaɗai, kowa yana tsallake ƙafarta. Bayan Misa ta same ni ta ce, "Fada, ban shirya da surukata ba tukuna."