Ikon Uba Da Ikon Hukuma A Kan Yaro

In wani magidanci a ƙasar Gwaram ya hana a yi wa ɗansa rigakafi, shin Hukuma tana da ikon ƙetare maganarsa? Gama shi ya raɗa wa yaron suna, shi ke ci da shi. Amma fa shan-inna ba ta san dangar gida ba. A 2003 aka tsai da rigakafinta a Kano, kafin a farga ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna da dagatai suka tsaya tsayin daka, kana a 2020 aka shaida ƙwayarta ta asali ta ƙare a Afirka.

To, shi ma magidancin yana da hujja. Yakan ce ana bin sa har zaure da ɗigon magani kyauta, alhali kuwa ran da zazzaɓin cizon sauro ya ka da yaron, shi kaɗai zai nemo kuɗin mota zuwa asibitin Birnin Kudu. Lalle wannan ba zancen wauta ba ne. Hukumar da ta shiga zaure da sunan yaro, wajibinta ne ta haƙa rijiya mai murfi, ta kuma ajiye magani a ƙaramin asibitin ƙauye, tun ba a watan Agusta ba, sa'ad da sauro ya yi yawa, rumbu kuwa ya yi ƙasa.