Ɗan Kasuwar da Ba a Gani: Shin Nisa na Sauke Alhaki?

Gabatarwa

Tun lokacin da Modibbo Adama ya kafa garin Yola a 1841, ciniki a wannan yanki ido da ido ake yin sa. Mai saye ya san rumfar mai sayarwa, mai sayarwa kuma ya san gidan da hajarsa za ta kwana. Wannan sanayya ita ta haifi kunya, kunya kuwa ita ta tsare mudu daga tauyewa. Amma bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001 da yaɗuwar intanet, sai muka sami sabon ɗan kasuwa. Mace tana ɗakinta a unguwar Makama, ta ɗora hoton turaren wuta ko kilishi a WhatsApp, wani ya saya daga Jimeta ko Mubi, mai Keke Napep ko direban tasha ya kai masa. Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: wanda bai ga inda sharar cinikinsa ta faɗa ba, shin yana ɗauke da alhakinta?

Abin da Ke Cikin Haɗari

Kayan da za a aika nesa sun fi buƙatar naɗi. Kwalbar turare guda sai a sa ta a leda, a ƙara wata ledar, a ɗaure da salatif. Mai saye ya kwance cikin minti ɗaya ya yar, iska ta kwashe zuwa kwata. Kakanninmu ma sun yi naɗi, amma huhun goro da ganye ake yin sa, kwando da faifai kuma daga tsiro suke. In sun tsufa ƙasa ta cinye su. Leda kuwa takan shekara aru-aru ba ta ruɓe ba. Tana toshe magudanan ruwa, awaki su haɗiye ta su rame, saura ta gangara kogin Binuwai da tafkin Geriyo, inda masunta da manoman rani ke neman abinci.

Mutanen Adamawa sun san ambaliya, domin sun ga ta 2012 da ta 2022, shekarun da aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Leda ba ita ta buɗe madatsar ba, amma ruwan da ya tarar da kwata a toshe ba ya komawa, cikin ɗakunan mutane yake shiga.

Hujjar Mai Musu

Wani zai ce wannan ɗora wa raƙumin talaka kayan sarki ne. Matar da ribarta ba ta wuce kuɗin cefane ba, yaya za a tuhume ta da ɓata duniya alhali manyan masana'antu na can suna tuttula hayaƙi? Zai ƙara da cewa tsafta aikin hukuma ne, tun da Ruwanda doka ta sa ta hana leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017.

Akwai gaskiya a cikin wannan magana, kuma alhakin kowa gwargwadon ƙarfinsa ne. Sai dai ƙanƙantar alhaki daban, rashinsa daban. Kwatar da ta toshe a unguwa ba masana'antar Turai ta toshe ta ba. Leda ɗaya-ɗaya ce daga hannuwanmu. Haka kuma mutumin kirki ba ya jiran doka kafin ya daina cutar da maƙwabcinsa.

Haƙƙoƙi Uku

Na farko shi ne haƙƙin kalma. Ɗan kasuwar intanet hoto da magana yake fara sayarwa kafin haja, domin mai saye ba ya taɓawa balle ya shinshina. Saboda haka rubuta "na gargajiya zalla" a kan zumar da aka haɗa da sukari, ko kiran sabulu "mai kare muhalli" ba tare da dalili ba, algus ne, ko da a allon waya aka yi shi. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami: a 2015 aka gano kamfanin Volkswagen na Jamus ya sa wa motoci kimanin miliyan 11 dabarar ɓoye yawan hayaƙinsu lokacin gwaji, bayan ya tallata su a matsayin masu tsafta.

Na biyu shi ne haƙƙin naɗi. Leda ɗaya a maimakon uku, takarda ko jakar kaba inda za su wadatar, rangwame ga wanda ya dawo da kwalba, da tara saƙonnin unguwa ɗaya a kai su a tafiya guda. Duk waɗannan ba sa cinye jari, wani lokaci ma suna rage kashe kuɗi.

Na uku shi ne haƙƙin sanin asali. Adamawa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin dasa itatuwa na Tarayyar Afirka, wanda aka amince da shi a 2007 don tare hamada, ya shafa. Wanda ke tallar buhunan gawayi a Facebook ya dace ya tambayi kansa daga wane daji aka saro itacen. Kuma muryar da ta iya sayar da gawayi ga mutum ɗari za ta iya sayar musu da murhu mai tattalin itace ko fitilar sola.

Kammalawa

A ganinmu nisa yana ɓoye sakamakon aiki ne kawai, ba ya shafe shi. A tsohuwar kasuwa idon jama'a ne ke tsare ɗan kasuwa. A sabuwa, inda ba mai ganinsa, amana kaɗai ta rage masa, kuma a nan ake gane nagartar mutum. Mu masu saye ma ba mu kuɓuta ba, domin mu ne ke raina kayan da aka kawo mana a takarda, mu yaba wanda aka lulluɓe da leda mai ƙyalli. Ranar da muka fara tambayar mai haja da me ya naɗe kayansa, kuma daga ina ya samo su, ranar ce kunyar da ta tsare mudun kakanninmu za ta shiga kasuwar waya.