Mai Gona Da Mai Fartanya

A shekarar 1943, a jami'ar Rutgers ta ƙasar Amurka, wani ɗalibi mai suna Albert Schatz ya yi watanni yana binciken ƙasa, yana neman ƙananan halittun da ke kashe ƙwayoyin cuta. A ɗakin ƙarƙashin gini ya yi aikin, gama ƙwayar tarin fuka da yake gwaji da ita tana da hatsari ƙwarai. Cikin watan Oktoba ya sami streptomycin, maganin farko da ya ci ƙarfin tarin fuka.

A 1952 aka ba malaminsa, Selman Waksman, lambar Nobel shi kaɗai.

Ashe zalunci ne? Kada a yi gaggawar yanke shari'a. Waksman ya yi shekaru fiye da 20 yana nazarin halittun ƙasa, shi ne kuwa ya tsara hanyar neman, ya koya wa ɗalibansa. Gonarsa ce. Amma wanda ya riƙe fartanya har hannunsa ya yi kanta, ai yana da rabo a rumbu.

Ɓoyo ne ya ɓata al'amarin. Schatz ya sa hannu ya bar hakkinsa, yana zaton malamin ma ba zai ci riba ba. Daga baya ya gane Waksman yana karɓar kuɗi. Ya kai ƙara a 1950, aka sasanta, aka amince tare suka gano maganin, aka ba shi kashi 3 cikin ɗari. Duk da haka manyan wuraren bincike suka juya masa baya, wai ya kai malaminsa kotu. Sai a 1994 jami'ar ta ba shi lambar girma, shekara 21 bayan rasuwar Waksman.