Shaidar Wanda Bai Gani Ba

Mun tashi muna jin manya suna cewa gani ya kori ji, kuma a Zangon Tamale da wannan magana ake kashe gardama. Ban taɓa tuhumarta ba sai da wani ɗan ƙanena mai karatun kimiyya ya zauna ya bayyana mini abin da ake kira hoton fatalwa.

Ga yadda abin yake. A shekarar 1995, a Jami'ar Maryland da ke Baltimore a Amurka, Yanhua Shih da abokan aikinsa suka harba hasken leza cikin wani kiristal, ya riƙa haifar da ƙwayoyin haske tagwaye. Ɗaya aka tura ta wajen abin da ake son ɗauka, ta wuce ta faɗa cikin na'urar da masana ke kira bokiti, wadda ba ta san siffa ba, iyakarta ta ce haske ya iso ko bai iso ba. Ɗaya tagwayen kuwa ta bi wata hanya zuwa na'ura mai gane wuri, amma ko kusa da abin ba ta je ba. Ka duba bayanan kowace ita kaɗai, ba za ka ga komai ba. Sai an jera su an duba inda suka dace, sannan hoto ya fito.

To wa ya gani? Wadda ta taɓa abin makauniya ce, mai idon kuma ba ta halarci wurin ba. Da a gaban alƙali ne, da dukansu an sallame su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana gaba. A 1992, a Leiden ta ƙasar Holan, Les Allen da abokansa suka nuna cewa hasken da ke tafiya yana murɗewa kamar igiya yana ɗauke da ƙarfin juyi, kuma murɗin ƙirgawa ake yi: ɗaya, biyu, uku, ta dama ko ta hagu. A 2001 aka tabbatar a Biyana cewa tagwayen nan a ɗaure suke ta wannan fuska; in hasken da ya haife su ba shi da murɗi, to in ɗaya ta murɗa dama, 'yar'uwarta hagu za ta yi. A 2009 ƙungiyar Miles Padgett a Glasgow ta sa matata mai murɗa haske a hanyar ƙwayar da ba ta taɓa abin ba. Hoton da ya fito sai ya zama gefunan abin ne suka yi ƙarfi, tsakiyarsa ta dushe. Mai riƙe da matata yana can nesa, amma shi ya zaɓi abin da zai bayyana.

Ƙarya ya yi? A'a, gefunan nan suna nan, ba ƙirƙira ba ce. A ɗakin gwaji ma alheri ne, domin abu mai sheƙe kamar gilashi ta gefensa ake gane shi. Damuwata tana ga wanda aka miƙa wa hoton ba a faɗa masa an sa matata ba.

Mu a Arewa mun san wannan hoto. Bayan kisan Ya Na Yakubu Andani II a Yendi a watan Maris na 2002, shekaru aka yi mutum a Accra in ya ji Dagbon, abin da ke zuwa masa Abudu da Andani ne, da dokar hana fita. Duk gaskiya ne. Amma a cikin shekarun nan, har aka naɗa sabon Ya Na a Janairun 2019, mata ba su daina kai man kaɗanya kasuwar Aboabo ba, ana ta aure tsakanin gidaje, yara na zuwa makaranta. Wannan duka tsakiya ce, labari kuwa gefe yake so.

Ba na wanke kanmu. Mu da muke cikin gari sau da yawa bokitin ne: abin ya taɓa mu, mun ji zafinsa, amma ka tambaye mu siffarsa, kowa unguwarsa kawai ya sani. Na nesa yana da faɗin ido, sai dai ba ya zuwa a jera lissafi.

Bara wani abokina ya zo daga Accra karon farko, matarsa na kiransa a waya kusan kowace sa'a. Da la'asar na kai shi cikin gari, ya tsaya yana kallon mata a kan babura, da kaya da goyo, suna ratsa titi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ina ne wurin da ake faɗan.